Yadda Za Ka Haɗa Lambun Kifi a Baranda Bayan Ka Yi Ritaya

Idan ka bi matakan nan takwas ba tare da ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari cikin wata uku za ka zama manomi kuma makiyayi, ba ka taka gona ba, ba ka shiga rafi ba. Tsarin ya yi aiki a kan duk wanda ya gwada shi. Mutum ɗaya ne dai ya gwada, mijin yayata, kuma da shi za mu riƙa misali.

1. Ka fara zama kaya a cikin gidanka

Kada ka yi gaggawar neman kifi. Da farko ka yi ritaya, ka zauna a gida, ka bari mutanen gidan su ji nauyinka.

Mijin yayata shekara talatin da ɗaya ya yi yana riƙe da makullin sito a wani kamfanin buga littattafai. Ko kwalbar tawada ba ta fita sai da sa hannunsa. Washegarin ranar da aka sallame shi ya tashi kamar kullum, ya yi wanka, ya sa takalmi, sai a bakin ƙofa ya tuna babu inda za shi. Ya dawo ya zauna a falo. Falon nan kuwa shi ne shagon matarsa. Tela ce, nan kekenta yake, nan matan unguwa suke zuwa gwajin kaya. Mace za ta shigo da yadi a hannu, ta tarar da namiji a kujera yana kallonta, sai ta ce za ta dawo anjima. Sati biyu ya yi yana jera wa matarsa zare launi-launi, yana bin bahasin inda almakashi ɗaya ya shiga. Rannan ta tsayar da keke ta ce, "Baban Auta, babu wani abokinka marar lafiya da za ka je ka dubo?"

Ranar da aka yi maka irin wannan tambayar, ka nuna. Wuce gaba.

2. Ka koyi ilimin, amma rabinsa

Ɗauki waya ka kalli bidiyo. Abin ba wuya. Kifi yana cikin tanki, yana ci yana kashi. Ƙaramin famfo na lantarki ya tura ruwan ta tiyo zuwa baho cike da tsakuwa, inda ka dasa ganye. Ganyen ya sha ƙazantar ya yi ƙiba, ruwan ya koma wa kifi tas. Babu ƙasa, babu taki, babu ban ruwa.

Bidiyon minti ashirin ne. Ka kalli tara na farko ka kashe. Masani na gaske ba ya kaiwa ƙarshen bayani, domin can ne ake ajiye abubuwan da ke kashe wa mutum gwiwa.

Mijin yayata ya yi wa iyalinsa bayani ana cin abincin rana. Auta, 'yarsu ta ƙarshe wadda ke aiki a kantin magani, ta ajiye cokali ta tambaya ko nufinsa za su riƙa cin ganyen da ya girma da kashin kifi. Ya ce duk duniya can ta dosa. Matarsa abu ɗaya ta tambaya: a ina zai ajiye? Da ya ce a barandar baya, ta amince tun kafin ya rufe baki. Shi ya ɗauka goyon baya ne.

3. Duk abin da ke gidan kayan aiki ne

Tankin roba kaɗai da famfo za ka saya. Sauran suna nan suna jiranka. Bahon wanki biyu na matarka, ka huda gindinsu da ƙusa mai zafi kafin ta dawo daga kasuwa, tunda baho da aka huda ba a yin gardama a kansa. Igiyar shanya ka mayar da ita can lungu. Tsakuwa kuma, ka je wurin maƙwabcin da ke gini, ka gaishe shi da kyau, ka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, bokiti a hannunka. Zai gane.

Ka jingina tankin da ƙofar falo, don ya fi kusa da wuta. Bakin tiyon ka ɗaure shi a jikin baho da ƙyallen da ka tsinta a ƙarƙashin keke. Masu sayar da maɗauri na ƙarfe ciniki kawai suke nema.

Sannan ka yi wa komai lamba. Mijin yayata ya manna takarda a jikin tankin ya rubuta "Tanki Na Ɗaya", ko da yake babu na biyu. A satin nan maƙwabta suka fara kiransa Injiniya. Da dariya suka fara. Ya amsa da fuska a ɗaure, har sunan ya zauna. Kai ma haka za ka yi.

4. Kada ka jira

A cikin minti goma sha ɗayan da ba ka kalla ba, an ce ruwan famfo yana da magani, sai ya kwana biyu a buɗe kafin kifi ya shiga. An kuma ce a bar ruwa ya yi ta zagaye makonni babu kifi, har wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su zauna a cikin tsakuwa, su ne masu mayar da kashin abincin ganye. Kai ba ka ji wannan ba, saboda haka bai shafe ka ba.

Injiniya ya cika tanki da safe, da la'asar ya zuba 'ya'yan karfasa ashirin da huɗu. Sau biyar yake ba su abinci a rana, don babu abin da ya hana shi. Ya ɗauko kujera ya ajiye a gabansu. Rabon da a ji shi yana waƙa a banɗaki tun yana zuwa aiki, sai ga shi ya dawo da ita.

Kwana na biyar ya fito da sassafe ya tarar da uku sun juya ciki sama. Kwana na goma, bakwai suka rage, ruwan ya yi kore, latas ɗin da ya dasa ya kwanta a kan tsakuwa kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Ya tsaya da matatar shayi a hannu yana kwashe gawarwaki, yana jin ƙarar keken matarsa ta bayan ƙofa, da muryoyin mata suna dariya a falon da ya bar musu. Ya san idan tankin nan ya tashi, babu inda zai koma sai waccan kujerar.

5. Kifi ba ya mutuwa, sauya shi ake yi

Ka riƙe wannan da kyau. Duk kifin da babu wanda ya ga gawarsa, yana nan da rai. Ka binne matattu a bayan katanga, ka ɗauki bokiti mai murfi, ka ce za ka miƙe ƙafa. A kasuwa akwai mai sayar da ɗanyen kifi mai rai. Ka maye gurbin kowane ɗaya.

Matsalar ita ce kasuwa ba ta da 'ya'yan karfasa kullum. Abin da ka samu shi za ka ɗauko. Haka Auta ta leƙa tanki wata safiya kafin ta tafi aiki, ta ce, "Baba, wannan jiya bai kai ɗan yatsa ba, yau ya kai hannuna. Har da gashin baki."

Tarwaɗa ce. Injiniya ya ce ƙarfin ruwan ne, tsarin haka yake sa su. Auta ta yi ta mamaki, ta ɗauki hoto. Shi kuwa mai kifi ya fara ajiye masa benci, har ya tambaye shi ko gidan abinci ya buɗe.

6. Idan ruwa ya shiga falo, ka tabbata kana kasuwa

Ƙyalle yana da iyakar haƙuri. Wata rana da hantsi Injiniya ya tafi miƙe ƙafa, matarsa kuma ta shimfiɗa farin leshin wata mata a ƙasa za ta yanka, sai ta tuna ba ta da zif, ta fita shagon bakin titi. Tiyo ya suɓuce daga baho. Famfo bai san an yi haka ba, ya ci gaba da aikinsa, ya tura koren ruwan nan ta ƙarƙashin ƙofa.

Da Injiniya ya dawo, ya tarar da ita tsaye a tsakiyar falo, ruwa ya rufe mata tafin ƙafa, leshin a hannunta yana ɗiga, ya koma launin gansakuka. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi leshin, ta dubi bokitin da ke hannunsa, wanda wani abu ke motsi a cikinsa.

"Guda nawa ne yau?" ta ce.

Bai san lokacin da ya ce huɗu ba.

"To je ka zuba su, kada su ma su mutu."

Ashe tun satin farko ta sani. Ita ce take wanke bokitin.

Abin da ya yi bayan nan ba na cikin tsarina, kuma ban ba ka shawarar ka kwaikwaya ba. Ya kwashe ruwan falon da hannunsa. Ya naɗe leshin ya tafi gidan mai shi da ƙafa, ya tsaya a ƙofa ya ce laifinsa ne, ba na tela ba, ya saurari duk abin da matar ta ga damar faɗa, ya bi shaguna har ya samo irinsa. Kwana uku matarsa ba ta ce masa komai ba sai ga abinci. A na huɗu ya ce mata zai kwance tankin ya huta.

Sai Auta ta ce ba yanzu ba. Ta riga ta nuna wa saurayinta hoton, shi kuma ya nuna wa mahaifinsa, kuma ranar Asabar mahaifin zai zo su gaisa da Baba, ya ce lallai yana son ganin lambun.

7. Ka yi wa baƙo lacca kafin ka tambayi sana'arsa

Ka sa kayanka masu kyau. Ka dasa sabon latas da ka sayo da saiwarsa da safen nan. Idan baƙo ya zo, kada ka bar shi ya zauna, ka wuce da shi baranda.

Mahaifin yaron wani siririn dattijo ne marar yawan magana. Ya tsaya hannu a baya, Injiniya yana yi masa bayanin yadda kifi ke kashi. Dattijon ya riƙa gyaɗa kai. Can ya sunkuya ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya shinshina, ya taɓa ganye ɗaya, ganyen ya biyo hannunsa. Ya mayar da shi cikin tsakuwa a hankali kamar bai gani ba. Nan saurayin, don ya ƙara wa zaman armashi, ya ce ai babansa shekara talatin ya yi yana koyar da kiwon kifi a kwalejin aikin gona.

Babu abin da ake ji sai famfo. Injiniya ya dubi Auta tana murmushi da alfahari, ya ga cewa nan da minti ɗaya za ta san ubanta ya yi wata biyu yana yi mata ƙarya, a gaban mutanen da za ta zauna da su har ƙarshen rayuwarta.

Matarsa ce ta leƙo ta ce yaran su zo su taya ta ɗaukar kofuna. Kofuna huɗu ne kacal. Ta ja ƙofa ta rufe.

Injiniya ya yi gyaran murya ya ce gaskiya akwai abin da ya kamata ya faɗa. Dattijon ya ɗaga hannu. Ya ce tun daga hoton ya gane, karfasa ba ta fitar da gashin baki, kuma tarwaɗar nan ita ke cinye ƙananan da ba su mutu da kansu ba.

"Ni da na yi ritaya burodi na fara gasawa," ya ce. "Wata huɗu maman yara tana ba kajin maƙwabta a ɓoye. Su ma daga baya suka daina ci."

Suka tsaya suna kallon ruwa. Sai dattijon ya tambaya, ba tare da ya ɗago ba, ko Injiniya yana gida ranar Litinin. Shi dai ba shi da inda za shi. Talata ma haka.

8. Ka bari a gyara maka, amma kada ka saki sunan

Litinin ƙarfe takwas dattijon ya iso da tsohuwar rigar aiki da maɗaurin ƙarfe a aljihu. Suka janye tankin daga ƙofar falo, suka zubar da ruwan, suka wanke tsakuwa, tarwaɗar ta tafi kicin. Sannan ya ce sai an jira sati huɗu babu kifi ko ɗaya.

Suka jira. Kullum dattawa biyu a kan kujera biyu, suna gadin tankin da babu komai a cikinsa sai ruwa, suna gardama a kan ko famfon ya canza murya. Idan maƙwabci ya leƙo ya ce sannu Injiniya, mijin yayata ne yake amsawa, malamin kifi kuma ya yi kamar bai ji ba. Yanzu karfasa goma sha biyu ne a ciki, girmansu ɗaya, kuma an yi wata biyu babu jana'iza.

Mai kuka ɗaya ce a gidan, Auta. Sau uku ana zaunar da iyayen biyu don su tsayar da ranar aure, sau uku suna tashi da shawarar a ƙara tanki.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu bai taɓa kiwon kifi ba, kuma ba ya cin latas. Ba shi da alhakin duk wani baho da aka huda, ko falon da ya zama tafki, ko auren da aka ɗaga saboda tanki na biyu. Duk wanda ya bi matakan nan ya ga ba daidai ba, ya kai ƙararsa wurin matarsa, ta riga ta san komai. Idan kuma kifinka ya rayu, ka binciki kanka da kyau, akwai matakin da ka tsallake.