Rasuwar Uwar Ɗakinmu ta Bayan Kasuwar Singa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da ta kasa ɗagowa ta dubi jama'a, ni Kamaldeen Habeeb na unguwar Fagge, mai kula da kwamfutocin kamfanin Hajiya Wasilat da ke sarin kayan masarufi a bayan Kasuwar Singa, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar babbar kwamfutarmu, wadda ma'aikata suka fi sani da Uwar Ɗaki. Ta cika ranar Laraba bayan azahar, bayan gajeriyar rashin lafiya, a ɗakinta mai sanyi da ke ƙarshen baranda. Ina wurin aka yi komai, wallahi da ma ba na wurin.

Marigayiya ta zo mana cikin kwali tun kamfanin yana ɗan ƙarami, ta tsufa a hannuna. A cikinta manhajar da ke mulkin duk sauran kwamfutoci take zaune. Ita ke faɗin wanda zai shiga da wanda zai tsaya a ƙofa. Ita ke raba wa kowa abin da ya halatta ya gani, ta yadda mai sito ba ya leƙa aikin akanta, akanta ba ta leƙa na Hajiya. In aka saki sabon gyaran manhaja, ita ke karɓowa ta bi ƙananan kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya ta ba su, kamar uwa mai raba wa yara maganin tsutsar ciki, ko suna so ko ba sa so. Duk abin da ya fito daga wajenta, ƙananan karɓa suke ido rufe, don ba ta taɓa cutar da su ba.

Ba ta san sani ko sabo ba. Wata rana Hajiya da kanta ta yi ta kuskuren kalmar sirri, marigayiya ta garƙame ta a waje har sai da na dawo daga masallaci. Hajiya ta yi faɗa, daga baya ta ce da ma haka masu gadinta suke. Ba ta da yawan magana. In lafiya ƙalau ce, sai dai ka ji “huuuu” a hankali. In aka ɗauke wuta, ta ce “ti, ti, ti” har janareta ya tashi, daga nan ta yi shiru ta ci gaba da aikinta. Ba ta taɓa neman hutun Sallah ba, ba ta taɓa neman na Kirsimeti ba.

Babbar dokarta, wadda ni na sa mata, ita ce ba a cusa filashi, ɗan abin nan na ɗaukar bayanai, a kowace kwamfuta ta kamfanin. Ta toshe kafar kowa. Kafa ɗaya tak na bari a buɗe, ita ce ta jikinta, don aikina. A kan wannan doka na tsayar da Ambrose, mai kula da sito, a gaban kowa, don ya gwada sa filashi zai buga takardar waƙoƙin cocinsu. Na yi masa wa'azi mai tsawo a kan ƙwayar cuta, na sa aka dakatar da shi mako guda. Ranar har tafiyata ta canza.

Game da ciwon ajali kuwa, jama'a sun yi ta tambaya, kuma ɓoyewa ba ta da amfani tunda mai shayin bakin titi ma ya ji.

Ranar Talata surukina, mahaifin matata Mahbuba, ya shigo Singa sayayya, ya ce bari ya biyo ya ga wurin aikin yaron nan. Ba zan kama sunansa ba, ban taɓa kamawa ba. Ana zafi kamar a gasa mutum, dattijo yana ta sharce gumi da bakin rawani. A duk ginin, ɗaki ɗaya ne ke da na'urar sanyi, shi ne wanda na manna wa takarda da hannuna cewa ba a shiga. To, ku gaya mini, surukinku ya zo a jiƙe da gumi, a ina za ku sauke shi? Na buɗe, na kawo kujera, na kawo ruwa, na durƙusa.

Ya sha iska, ya sa mini albarka. Sai idonsa ya faɗa kan allon marigayiya, ya yaba girmansa, ya sa hannu a aljihu ya zaro filashi ɗaure da zaren carbi. Hotunan Umrarsa ne, wani shagon buga takardu a Sabon Gari ya zuba masa, kuma bai taɓa ganinsu a babban gilashi ba. Na san irin shagunan nan, filashin da ya kwana a can ya gaisa da rabin kwamfutocin Kano. Na san abin da ya kamata in faɗa, ai ni na rubuta shi. Amma ni na gaji girmama manya ta gida biyu: iyayena mutanen Ilori sun koya mini in zube a ƙasa, Fagge ta koya mini kada in haɗa ido da suruki. Hannu biyu na sa na karɓa.

A nan zan shaidi marigayiya, ta yi iya yinta. Ina cusawa ta ce “ƙiiit!”, ta fito da jan gargaɗi ya cika allo. Dattijo ya gyara tabarau, ya tambaya a hankali ko kayan nasa ne ke da datti. Jama'a, da wane bakin zan ce wa uban matata hotunan Ɗakin Allah da ya kawo suna da datti? Na ce a'a, gaisuwa ce take yi. Na sa kalmar sirrina ta shugaba, wadda ba a yi mata musu, na umarce ta ta yarda. Ta yarda, don ni ne.

Mun ga hotunan Makka. Ya nuna mini otal ɗinsu, da wani ɗan Indonesiya da suka yi sabo, da tantabaru. Kafin mu kai Madina aka kira la'asar, ya zare kayansa ya tafi yana murna.

Da safe marigayiya ta yi abin da ta saba, ta rarraba wa ƙananan abin da ke cikinta, su kuma suka karɓa don daga wajenta ya fito. Kafin hantsi komai ya cakuɗe. Philomena akanta ta buɗe aikinta ta ga rubutu kamar tafiyar tururuwa. Motocin taliya da man gyaɗa suka yi layi a ƙofar sito, babu mai iya cewa na wa ne na wa. Na ruga in ɗauko ajiyar kwafin bayanan da nake yi don irin wannan rana, sai na tuna a jikinta na bar ta a maƙale, ita ma ta kamu. Na kira masu gyara daga Titin Ibrahim Taiwo, suka yi ta fama, amma tsufa ya riga ya ci ƙarfinta. Ta yi ta “ƙar, ƙar, ƙar” kamar mai shaƙuwa, ta ce “ti” sau ɗaya, fankarta ta tsaya.

Ta rasu ta bar kwamfutocin ofis da na sito, dukkansu suna kwance ba sa gane kowa. Ta bar injin buga takarda wanda tun da can ba shi da cikakken hankali. Ta bar na'urar sanyi tana ta hura ɗaki babu kowa. Ta bar Philomena da biro. Ta bar Ambrose, wanda kullum da safe sai ya tsaya a ƙofata ya cire hula ya yi mini sannu da haƙuri. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta kuma bar ni, kunya ta hana ni cin abinci a bainar jama'a.

Hajiya ta tambaye ni mai filashin, na ce wani baƙo ne. Ta dube ni ta daɗe, don ita ma ta gaisa da baƙon ranar. Ta ce za ta sayi sabuwa, amma ranar da filashin nan ya sake taka ƙofar ginin, tare da shi zan fita, kuma ba wasa a fuskarta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Za a ciro faifan cikinta a farfasa da guduma, kamar yadda ita ma za ta so, don kada sirrin kamfani ya bi ta kasuwa. Daga nan a ɗauki gangar jikin a adaidaita sahu zuwa wajen 'yan gwangwan. Ana karɓar gaisuwa a gidana da ke Fagge. Don Allah wanda ya zo ya gaisa kawai, kada ya tambayi yadda aka yi, Mahbuba na jin komai daga tsakar gida.

Sanarwa ta ƙarshe. Surukina ya aiko cewa ya ji talabijin ɗin ofis ya mutu, abin ya taɓa shi ƙwarai, zai zo ta'aziyya ranar Litinin, ranar da za a kafa sabuwar. Ya ce zai taho da filashin, tunda ba mu kai Madina ba. Na roƙi Mahbuba ta yi masa bayani, ta ce ita ba za ta gaya wa mahaifinta Umrarsa ta kashe na'ura ba. Ni kuma na aika masa cewa Allah ya kawo shi lafiya.

Saboda haka, a gaban duk wanda ya karanta wannan, ina roƙon Ambrose, don girman Allah, ya manta da makon nan da na ci masa, ya tsaya a bakin ƙofa ranar Litinin ya karɓe filashin, ya yi wa dattijo wa'azin nan da na yi masa, ko da rabinsa ne. Shi ba surukinsa ba ne. Ni zan kasance a gefe a durƙushe, ina ba dattijo haƙuri, ina cewa Ambrose ba shi da kunya.