Turancin da Na Koya a Takardar Ƙosai

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da turancina ya tona asirin gidan mutane ba. Ina aji uku a sakandare a Minna, zamanin soja, kowa ya san ni da manyan kalmomi. Na ce musu kawuna ne ke aiko mini littattafai daga Landan (kawun da ko Suleja bai taɓa wucewa ba).

Gaskiyar ita ce, wata mai ƙosai a Barkin Sale, Maman Ladi, da shafukan ƙamus take naɗe ƙosanta. In cinye ƙosai, in haddace takarda.

Rannan aka tara makaranta za a zaɓi wanda zai je gasar muhawara a Kaduna. A jirgin ƙasa za a je, ni kuwa ban taɓa shigarsa ba, don haka na ƙwallafa rai. Na miƙe na zuba musu abominable, belligerent, cantankerous. Ana ta tafi, ni kuwa sai hura hanci nake.

Malam Bitrus, malaminmu na turanci, bai tafa ba.

"Kalmominka duk A, B, C ne. Ba mu ɗaya ta D mana."

Na yi tsuru-tsuru. Maman Ladi ba ta yago D ba tukuna.

"To, cantankerous ɗin, me take nufi?"

Ita kuwa man ƙosai ya shafe ma'anarta a takarda! Na zura hannu aljihu a ruɗe, takardar ta faɗo. Malam ya ɗauka, ya ga jan biro a gefe, sai idonsa ya yi waje.

"Rubutuna ne wannan! Ƙamus ɗin da nake nema tun Kirsimeti! A ina ka samu?"

"Wajen Maman Ladi mai ƙosai, Malam."

Ya dafe kai. "Matata?"

Wallahi ban san matarsa ba ce. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Makaranta ta kwashe da dariya, har shugaban makaranta sai da ya juya baya.

Wani ne ya tafi Kaduna. Ni kuwa na samu suna, Ɗan Landan Mai Ƙosai. Washegari na je wajen Maman Ladi, ta wanke ni tas a gaban layi, ta naɗe mini ƙosai a takardar siminti. A wurin na gane ma'anar cantankerous ba tare da ƙamus ba.

Tun daga ranar, kafin in yi taƙama da ilimin da na tsinta, sai na fara tambayar waye mijin mai ƙosan.