Na Ba da Babur Na Karɓo Rana

Jama'a, assalamu alaikum. In kun ji ƙauri yana tashi daga rubutun yau, kada ku zargi mai buga jarida. Gemuna ne, kuma zan zo kansa.

Kwanan baya na hau babur ɗina da ɗan guntun man da ya rage na tafi Tasawa neman isansi, wato fetur. Tun hantsi nake cikin layi, rana tana dafa mani ƙeya. Mutumin da ke gabana har ya gama ba ni tarihin ciwon bayansa tun daga tushe. Muna dab da famfo sai mai sayarwa ya rataye tiyo ya ce mai ya ƙare. Bai rufe baki ba wata babbar mota katkat mai baƙin gilashi ta shigo ta baya, famfon kuwa ya farfaɗo nan take. Ni ban yi fushi ba. Manya aikin ƙasa suke yi, kuma aikin ƙasa ba ya yiwuwa da ƙafa.

Ba yawo ya kai ni ba. Garinmu yana arewa da Cake, kuma ba mu da lantarki. Tun zamanin masu manyan riguna aka yi mamu alƙawarinsa. Da masu kaki suka zo suka ce sun gaji alƙawarin, suna kuma riƙe da shi amana, ba za su bari komai ya taɓa shi ba. Allah ya saka masu. Saboda haka duk mai salula a garin ni yake ba, in kai Cake wurin mai inji a cika mata wuta. To, yanzu injin ba mai, babur ba mai, salulolin gari duk sun yi shiru.

A cikinsu akwai ta Hindu. Bafulatana ce, rugarsu tana bayan gidanmu. Tun da damina ta gaza mijinta Mumuni ya kora shanu kudu, ya bar mata tsohuwarsa da yara da salula guda, ya ce zai riƙa kira. Salula ta mutu. Masu dawowa daga kudu kuma ba su zuwa da labari mai daɗi: rijiyoyi sun ƙafe, shanu suna faɗuwa a hanya, an yi faɗa kan ruwa a wani wuri, ba a san wa ya ji ciwo ba. Hindu ba za ta taɓa buɗe baki ta tambayi labarin mijinta ba, kunya ba ta barinta. Kullum da safe sai ta shigo wurin matata Hamsatu, su gaisa, ta zauna tana wasa da bakin zane, can ta ce, “Malam dai bai samu mai ba?” Daga nan ta tashi.

Shi ya sa da na fito daga layin nan hannu rabbana, ban san da wace fuska zan koma gida ba. Ina tura babur sai Amani ya kira ni, wani Buzu mai shagon kayan wuta kusa da tasha. Ya nuna mani wani faifan gilashi mai duhu jingine a bango, fano suke ce mashi, wanda ke shan rana ya mai da ita lantarki.

“Ɗanbaba,” in ji shi, “kana ta wahala kan abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ga na sama nan, ba layi, kuma katkat ba ta iya shiga gabanka.”

Na dubi babur, babur ya dube ni. Shekara da shekaru muna tare, amma gaskiya kwanan nan ni ke ɗaukarsa. Muka yi musaya. Amani ya haɗa mani da batir irin na mota, da nannaɗen waya ja da baƙa, da kwan fitila, da wani ɗan akwati mai ramuka shida da ya ce sunansa regilater, shi ke tsayawa tsakanin fano da batir kada wuta ta yi yawa.

“Saurara da kyau,” ya ce. “Batir za ka fara haɗawa da akwatin, sannan fano, sannan fitila. Ja a wurin ja, baƙa a wurin baƙa. Fanon ya kalli kudu, ka ɗan ɗaga bayansa. Kada ka bari ƙarfe ya taɓa kawunan batir biyu lokaci guda. Ka gane?”

Na ce na gane, irin ganewar da nake yi wa jawabin rediyo.

Motar ’yan kasuwa ta sauke ni bakin gari, amalanke ya ƙarasa da ni. Hamsatu ta leƙa bayana.

“Malam, ina babur?”

Na nuna mata fano.

Ta zagaya shi, ta duba fuskarta a ciki, ta gyara kallabi. “To madalla. In haihuwar ’yarmu Hawwa ta tashi, sai mu ɗora ta kan madubin nan ka ja mu zuwa Mayahi.”

Maganarta kam tana da ƙafafu. Amma da na gaya mata don salular Hindu ne, sai ta je ta kawo mani ruwa.

Washegari maƙwabcina Na Allah ya iso tun ban kira shi ba. Ya taɓa yin gadi a biron wani furoje, wato ofishin wani aikin raya karkara, a Mayahi, tun daga lokacin babu abin da bai sani ba. Ya tarar da ni kan rufin zaure ina ɗaure fano jikin azara.

“Ina ka fuskantar da shi haka?”

“Kudu.”

“Subhanallahi! Abin da kake so ya yi albarka, ka kawar mashi da kai daga alƙibla?”

Na ce ai ba salla zai yi ba. Ya ce shi ma rago ba salla yake yi ba, amma gabas ake juya shi. Na ce ragon ai yanka shi ake yi. Nan ya haƙura da wannan, ya kama wani.

“Kuma ba haka ake fara aiki ba. Mu a furoje, kafin a taɓa waya sai an yi taron ƙara wa juna sani. A kwana uku ana cin shinkafa da nama, sannan a kafa kwamiti.”

“Sai kuma a kafa fanon?”

“Wane fano? Kafin nan ai kuɗin sun ƙare.”

Na zuro waya ta ɗan tagar zaure. Batir na ɗora shi kan katako a lungun da na saba jingine buhun hatsi, don bana lungun ba mai haya. Na kafa akwatin a bango da ƙusa, na fere bakin waya da aska, na sa ja a ja, baƙa a baƙa. Komai lafiya. Saura in ƙara matse kan batir. Na sunkuya, Na Allah yana tsaye kaina yana ba da umarni, sai sifana, ƙarfen da nake matsewa da shi, ta suɓuce ta kwanta kan kawunan nan biyu da aka ce kada a haɗa.

Jama'a, na ga walƙiya ba hadari. Kafin in fizge ƙarfen da sanda, gefen gemuna na hagu ya riga mu gidan gaskiya. Da na waiga neman Na Allah, yana can bakin masallaci. Ya dawo yana haki ya ce yashi ya je nema don kashe wuta. Hannunsa babu ko ƙwaya.

Allah ya kiyaye, batir bai mutu ba. Na haɗa fano, wata ’yar fitila koriya ta kama a jikin akwatin. Muka yi kabbara. Amma da gari ya waye ta mutu. Na fita na tarar da akuyar Hamsatu tsaye kan turmi tana tauna wayar da ta sauko ta bango, ta cinye robar tas ta bar mani jan ƙarfe tsirara. Ban dake ta ba. Bana mu ma ganyen da muke ci, iyayenmu ba su san ana cinsa ba. Na sake wayar, na zura ta cikin wani tsohon tiyo, na ɗaure sama.

Ranar aka sa salular Hindu. Da fuskarta ta yi haske, Hindu ta kai hannu kamar za ta taɓa, ta fasa. Muka gwada lambar Mumuni, wata mata ta ce ba a samunsa. Muka sake, matar nan ba ta gajiya. Daga ranar Hindu ta bar salular a zaure jikin waya, ita kuma ta tare a bakin ƙofa da saƙar faifanta, tun safe har la'asar.

Ana cikin haka sai ga wani saurayi mai takalmi sau-ciki da tabarau. Ya ce shi ɗan aiken Mai Girma Babban Mai Lura da Ayyukan da Ke Kan Hanya ne. Gobe Mai Girma zai zo da baƙi daga birni don ƙaddamar da furojen hasken rana na yankinmu. Kayan furojen suna kan hanya. Saboda haka ana so in ba da aron nawa a kafa a filin kasuwar wani gari can gaba, a yi hoto, jibi a maido.

Ku da ke karanta ni kun san zamanin da muke ciki. Ba a ce wa manya a'a, sai dai a ce “to” da ƙaramar murya. Kun kuma san abin da manya suka ara, hanyar dawowarsa tana da nisa. Bakina ya riga ya buɗe zai ce “to”, sai Hindu ta aje faifanta.

“Salulata tana ciki,” ta ce, ba ta ko ɗaga kai ba. “Ba a cirewa sai ya kira.”

“Wa zai kira?” in ji saurayin.

Ta dai gyara zama ta cika ƙofar. Hamsatu ta fito ta zauna kusa da ita. Tsohuwar Mumuni, wadda duk gari ke ce wa Gwaggo, ta dogaro sanda ta zo ta ƙarasa toshe sauran wurin. Saurayin ya dube ni. Na ce, “Ranka ya daɗe, ni na ba ka. Ga ƙofa nan, shiga ka ɗauka.” Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Can ya ce, in an duba da kyau, ai garinmu ma yana cikin yankin.

Haka aka yi washegari aka ƙaddamar da zaurena. Motocin da suka zo, man da suka sha zai riƙe baburan Cake da Isawan har kaka. Aka ɗaura ƙyalle a ƙofar da ubana ya gina. Na Allah ya sa rigarsa ta idi, yana gabatar da kansa ga baƙi a matsayin injiniyan aikin. Ni aka tsai da ni can baya, wai gemuna zai ɓata hoto.

Mai Girma ya fara jawabi. Ya ce tun kafuwar ƙasar nan rana tana fitowa a banza, sai yanzu aka samu masu hangen nesa da suka kawo ta ga talakawa. Aka tafa. Ya ce wannan somin taɓi ne. Aka tafa. Yana ɗaga almakashi sai wata ƙara ta tashi daga cikin zaure.

Hindu ta sunkuya ta ƙarƙashin ƙyallen kafin a yanka shi. Wayar gajeriya ce, sai ta durƙusa gaban batir, salula a kunne. Mai Girma ya ci gaba da magana, amma duk garin mun juya mashi ƙeya. Muna jin muryarta da Fulatanci, wadda ban taɓa jin ta ɗaga ba, tana tambaya tana sake tambaya. Gwaggo ta riƙe hannun Hamsatu.

Da ta fito, ta tsaya gaban tsohuwar ta ce da Hausa don kowa ya ji, “Yana nan lafiya. Salularsa ce ta mutu, sai yau ya kai garin da ke da wuta. Shanu da yawa sun faɗi, wasu ya sayar. Amma akwai saura, Inna, akwai saura. Ya ce ruwa ya sauka can, ciyawa ta fara tsiro.” Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna motsi.

Hamsatu ta rangaɗa guɗa, matan gari suka kama. Mai Girma ya ɗaga hannu biyu yana murmushi, ya ce wa baƙinsa da Faransanci su dubi yadda talakawa ke murna da aikin. Ba wanda ya gyara mashi. Ranar farin cikinmu ya isa kowa ya ɗiba.

Kafin su tafi suka sauko da wani ƙaton allon ƙarfe daga bayan mota, mai ɗauke da sunan furoje da na duk waɗanda suka yi ɗawainiyar tunaninsa. Don a riƙa hangensa daga hanya, suka hau rufin zaure suka kafa shi dab da fanon, ta gabas. Tun daga ranar, rana ba ta samun fanona sai ta kusa tsakiya.

Na ce zan cire. Na Allah ya ce in na gaji da kwana a gidana, in taɓa kayan hukuma. Sai na hau na matsar da fanon can ƙarshen rufi na bar wa allon wurinsa. Kuma kada ku ce ƙorafi nake yi. A tsawon rayuwata wannan ne karo na farko da manya suka kawo wani abu garinmu ya kama aiki tun ranar farko. Inuwa yake bayarwa, kuma har yau bai yi fashi ba.