Bindigar da Na Yi wa Kuɗi a Rusaifa

Na zaga kasuwannin Istanbul da Alƙahira, ina kallon yadda maƙera ke zana ƙarfe. Shi ya sa da Bashir, maƙwabcina a unguwarmu ta Rusaifa, ya tsinci ƙaramar bindiga mai zanen furanni cikin kayan marigayi mahaifinsa, ni ya kira in yi mata kuɗi kafin rabon gado.

Magada sun cika falo. Na sa tabarau, na jujjuya ta, na ce, "Aikin hannun Turkawa ne. Inji ba ya irin wannan lanƙwasa. Wannan sai gidan tarihi." Bashir har da share hawaye.

Sai ga mahaifiyarsu da kaskon turare. "Ashe tana nan! Shekara nawa ina nema. Miƙo min, Alhaji." Ta ja kunamar, ɗan harshen wuta ya fito, ta kunna gawayinta. "A bakin Harami marigayi ya saya min, riyal goma."

Har yau nakan tuna zanen nan, kuma wallahi yana da kyau. Amma duk gidan da na shiga, da an kawo turare sai wani ya kira ni baffa da Larabci, ya ce, "Ya ammi, ara mana bindigar Sarkin Turkawa."