Lakar da Na Ɓoye Bayan Labule

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da haƙoran da suka rage mani sun zube duka, da ranar da bangon ɗakina ya tona mani asiri a gaban surukata.

A unguwarmu nan Dakoro, ni ce tsohuwar da ke zama bakin ƙofa tana ganin kowa. Na san wadda ta bar wanke-wanke ya wuni, na san wanda ya wuce bai gaida mutane ba, kuma ba na riƙe magana a ciki. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma idona ya karanta mutanen unguwar nan kaf. Mutum ɗaya ce idon bai taɓa tsayawa ya duba ba, ita ce mai idon.

Da Malam mai gidana ya rasu, ya bar ni a ɗakin ƙasar da ya gina tun ina amarya. Bayan shekara biyu ɗana na fari (ba na faɗin sunanshi, kun san al'ada, Na-Yamai nike ce mashi tunda can yake aiki) ya zo ya ce uwarshi ba za ta tsufa cikin laka ba. Aka rushe ɗakin, aka tayar da na siminti, aka rufa kwano, aka shafe cikin da shuɗin fenti mai santsi, har kana ganin inuwarka a jiki. Aka ja kuran, wutar lantarki ke nan, aka ɗaura fanka a sama.

Kai, na yi fankama! Ranar da na tare, na tsaya tsakar gida na ce wa maƙwabciyata Habsu, wadda muka yi shekara arba'in katanga ɗaya ce tsakaninmu, “Ku dai ku yi ta zama cikin laka kamar zanzaro.” A gaban mata na faɗa. Habsu ta yi dariya ta ce Allah ya sa alheri. Ita dai ba ta manta ba, ni ma daga baya an tuna mani.

Da sanyi na tare, shi ya sa ban san abin da na shiga ba sai da bazara ta kama. Bangon yamma, wanda gadona ke jingine da shi, rana ke dukanshi tun azahar har ta faɗi. Sai ya sha zafin ya ƙoshi, sannan ya riƙa amayo mani shi. Man shanu ya koma ruwa a cikin kwano. Carbina in na ɗauka sai in ji kamar daga murhu aka tsamo shi. Fankar kuwa tana ta juyi tana cin kuran a banza, zafin take kwasowa daga kwano tana zuba mani a ka.

Dā, bayan azahar, matan unguwa ɗakina suke taruwa, muna tsintar wake muna gyara duniya da baki. Sai suka fara raguwa ɗaya-ɗaya. Wannan ta ce ciwon kai, waccan ta ce baƙi. Kafin wata guda duk sun koma ɗakin ƙasar Habsu. Ina zaune ni kaɗai, na jiƙa zane na yafa, ina jiyo dariyarsu ta kan katanga. Wani lokaci har in gane labarin da ake yi, amsar ta zo mani baki, ba wanda zan faɗa wa. Duk da haka, wanda ya tambaye ni ya ɗaki, sai in ce, “Sanyi ƙalau.”

Ana nan sai autata Rakiya, da ke aure a Maraɗi, ta samu cikin fari. A wurinmu ɗiya gidan uwarta take zuwa goyon ciki, ta haihu a can, uwar ta yi mata wankan jego har kwana arba'in. Na fari ne kawai ake yi wa haka. Ni kuwa ɗiya mace ɗaya gare ni. Tun cikin yana wata huɗu na fara tara itace. Na sayi babbar tukunya, na ajiye kanwa da gero. Ina lissafin ranar da gidan nan zai sake jin kukan jariri, a riƙa sallama ana shigowa barka.

Sai Na-Yamai ya kira ni a waya.

“Inna, uwar mijin Rakiya ta ji labarin zafin ɗakin nan. Ta ce za ta kawo ta da kanta, ta gani da idonta. In bai zaunuwa, za ta koma da ita.”

“Wa ya kai mata labarin?”

“Inna, ni ma na kwana biyu a ɗakin nan. Na turo Baba Illa ya duba.”

Illa magini abokin Malam ne, shi ya taya shi gina tsohon ɗakina. Ya zo bayan la'asar, ya ɗora tafin hannu a bangon yamma, ya janye da sauri yana yarfewa.

“Uwargida, nan kike kwana ko nan kike gasa burodi?”

“Faɗi abin da ya kawo ka.”

Ya ce gyaran ba wuya. Za a tayar da bango na biyu na tubalin ƙasa daga waje, a gefen yamma, a bar ɗan tsakani yadda iska za ta ratsa, rana ta ƙare a kan ƙasar ba ta kai ga simintin ba. A ƙarƙashin kwano kuma a shimfiɗa zana da tabarmi. Ya ce in an yi haka, fankar ma sai ta riƙa hutawa.

Na ce, “Daga waje? Inda kowa zai gani?”

“To rana daga waje take, Uwargida.”

“A ciki fa? A yaɓe shi da laka ta ciki?”

“Kan fentin nan? Laka ba ta kama santsi. Sai an sassare bangon, an kafa ƙusoshi, an ja ragar waya. In ba haka ba, tana bushewa za ta saki.”

Ni dai abin da na gani a idona shi ne Habsu tsaye tana kallon ana liƙa wa gidana laka. Sai na ɗaga murya, yadda zai tsallaka katanga, na ce, “Illa, ɗauki hularka. Ni da laka mun yi sallama. Ɗakina sanyi ƙalau!” Ya kalle ni, ya kalli zufar da ke ɗiga daga haɓata, ya ce Allah ya ba mu alheri, ya fita.

Saura mako uku su zo. Na zauna na yi tunani irin na masu wayo. Na ce ni da na yi daɓen ɗakuna fiye da ashirin a garin nan, ni da amare ke layi in yi masu yaɓe, Illa ne zai gaya mani halin laka? (Ban taɓa yaɓa ta kan fenti ba, amma wannan ban tsaya na tuna ba.) Zan yaɓe bangon ta ciki, in rufe da labule. Ɗaki ya yi sanyi, mutunci ya tsira.

Na fara ɗauko laka daga bakin tafki a daro, ina rufewa da tsumma. Kwana na uku Habsu ta tare ni a ƙofa.

“Wagga laka ta mi ce?”

“Murhu zan gina, na jego.”

Kwana na shida ta sake tare ni, daro na goma sha wani abu a kaina.

“Ke tsohuwa, murhun nan Dakoro duka zai dafa wa, ko har da Birnin Lalle?”

Na wuce ciki da darona. In na shiga sai in kulle ƙofa, in kwaɓa lakar da ƙaiƙayin gero da kashin jaki, in yi ta maka wa bango ina shafewa da tafin hannu. Da rana tsaka, ƙofa a rufe, a cikin wannan tanderu. Sau biyu jiri ya zaunar da ni ƙasa. Na tuna a lokacin na ce a raina, in na mutu a nan sai wari ya sanar da mutane. Rannan ma Habsu ta ƙwanƙwasa, ta ce ta kawo mani fura, na ce barci nike. Ina ji ta ajiye ƙwaryar a bakin ƙofa ta tafi.

Lakar ta hau, kaurin yatsa huɗu. Da ta bushe ta tsattsage, na cike tsagar. In na ƙwanƙwasa sai in ji tana amsawa kamar ganga, na ce alamar ta bushe da kyau ke nan. Saura labule. Siminti ya ƙi karɓar ƙusa a hannuna, sai na kafa ƙusoshin a jikin lakar daga sama, na ja igiya, na rataya zannuwana masu nauyi guda huɗu, na adon biki. Ɗakin kuwa ya ɗan sassauta, ko kuma zuciyata ce ta sassauta, Allah masani.

Ranar ta zo. Mota ta sauke Rakiya da cikinta a gaba, da uwar mijinta Hajiya Salamu, matar manyan ƴan kasuwar hatsi, mai magana a hankali tana duba kusurwa-kusurwa. Matan unguwa suka shigo gaisuwa, har da Habsu. Rabon ɗakina da cika haka tun sanyi. Na dama fura a babbar ƙwarya na ajiye tsakiya. Na zauna na ba labulen baya, ina gadinshi.

Hajiya tana fifita da gefen mayafi ta ce, “An ce mana ɗakin naku akwai ɗumi.”

“Maganar mahassada ce, Hajiya.”

“An ce har magini aka turo.”

“Na kore shi. Wai laka zai liƙa mani! Ni kuwa tun da na shiga ɗakin nan hannuna bai sake taɓa laka ba.”

Don in ƙara mata hujja, na ce wa Rakiya ta murɗa fanka har ƙarshe. Iska ta cika zannuwan, suka kumbura, suka koma, suka sake kumbura. Na ji wani ɗan ƙas a bayana. Na yi tari don in rufe shi. Sai na ji ƙasa tana zubo mani a wuya.

Daga nan bangon ya sako gaba ɗaya. Zannuwa, igiya, ƙusoshi da laka suka rufto mani a ka. Wani ɓangare ya faɗa cikin ƙwaryar fura, ta fantsama har kan mayafin Hajiya. Mata suka yi waje suna salati. Rakiya, Allah ya tsare, tana can wajen makunnin fanka, ko ƙura ba ta same ta sosai ba. Ni aka jawo daga ƙarƙashin zane, fari fat, ƙaiƙayi a gira, ɗankwali ya tafi.

Da na samu numfashi, ƙarya ce ta fara zuwa mani. Na ce, “Aikin Illa ne!”

Habsu ta duƙa ta ɗauki wani ɓallin laka mai faɗi, ta busa ƙurar. Ga shatin tafin hannu a jiki, raɗau. Yatsu huɗu miƙe, ƙaramin a lanƙwashe. Duk unguwar nan an san ƙaramin yatsana na dama, wanda taɓarya ta karya tun ina budurwa, don da shi nike nuna mutane in ina faɗa. Ta kamo hannuna a hankali ta ɗora a kan shatin. Ya zauna daram.

Ta ce, “Sannu da aiki, zanzaro.”

Ba wadda ta yi dariya, kuma wannan ya fi ciwo. Hajiya ta kakkaɓe mayafinta, ta dubi tulin ƙasar, daidai inda na shirya shimfiɗar mai jego da jariri. Ta ce, “Allah ya kiyaye gaba.” Ko la'asar ba su yi a garin ba. Rakiya ta rungume ni tana kuka, tana cire mani ƙaiƙayi daga gashi, tana cewa, “Inna, da kin faɗa mani.” Na ce ta tafi kar su yi dare a hanya. Na tsaya bakin ƙofa har motar ta ɓace, na dawo na tarar da itacen jego a jere.

A Maraɗi ta haihu, ɗiya mace. Wata ce ta dafa mata ruwan wanka. Ni na je suna kamar kowace baƙuwa, na kwana biyu na dawo.

Da ƙafata na je gidan Illa. Sai da ya gama ɗaure igiyar awonshi ya ce, “Ta waje ko ta ciki, Uwargida?” Na ce ya yi ta inda rana take. Kwana tara ya gama. Bangon ƙasa ne ja, tsaye a gefen hanya, mai zuwa kasuwa ma yana gani. Yanzu da azahar ɗakin nan har barci yake sa ni, fankar sai in wuni ban kunna ba. Babbar tukunyar tana ƙarƙashin gado, ban taɓa ɗora ta a wuta ba.

Habsu ta dawo tsintar wake, ita da mata biyu. Ɓallin lakar nan kuwa ta ƙi ba ni, yana kan taga a ɗakinta. In na fara gyara wa wata zama da baki, sai ta ɗaga hannu ta lanƙwashe ƙaramin yatsa, in yi shiru.

Abin da na koya, na koye shi a makare. Zafi na ji, na ƙi faɗa, don kar mata huɗu su yi mani dariyar wuni ɗaya. Yau ga ɗaki mai sanyi, wadda na so ta kwanta a cikinshi ta riga ta haihu a wani wuri. Yanzu wanda ya tambaye ni ya jiki, sai ya nemi wurin zama, don har ciwon gwiwa sai na lissafa mashi.