Ranar da Mayafina Ya Kayar da Jirgin Yaƙi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na faɗo da jirgin yaƙi ƙasa ina zaune a kujerar ofis a Sharaɗa ba. Har yau in na ga mayafi mai duwatsu a kasuwa sai haushi ya kama ni. Ba haushin mai sayarwa ba, haushin kaina.

A lokacin ina bautar ƙasa a wata masana'antar robobi, masu yin buta da bokiti da kujeru. Adabi na karanta a jami'a. Abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne tsayuwa bakin taga ina kallon hayaƙin masana'antu, ina kamanta shi da tunanin wanda ya yi nisa da gida. Amma da yake ina buga wasiƙa ba tare da kallon yatsuna ba, sai kowa a wurin ya ɗauka ni gwanar kwamfuta ce. Ni kuma ban musa ba. (Ta yaya zan musa? Saura wata biyu in gama, kuma ina so a riƙe ni aiki a nan Kano kusa da mahaifiyata. In ba haka ba, koyarwar da kawuna ya samo mini a wani gari mai nisa tana jirana.)

Manajanmu dattijo ne, kowa Injiniya yake ce masa. Tsohon mai gyaran jiragen sojan sama ne. Ya yi shekaru yana ɗaure wa jirage noti, wasu suna tashi da su, shi bai taɓa tuƙa ko ɗaya ba. Shi ya sa kullum bayan azahar, lokacin hutun cin abinci, sai ya rufe ƙofa ya kunna wani wasan kwamfuta na yaƙin jirage, ya riƙe sandar tuƙi. Ta cikin ƙarar injinan narka roba sai ka jiyo shi yana cewa, "Kai! Ta ina wannan ya ɓullo kuma?"

Wata rana ya kira ni da sunan da ake kiran masu bautar ƙasa. "Kofa, matsalata ɗaya ce. A jirgin gaske matuƙi waiwayawa yake yi ya ga bayansa. Ni kuwa sai na lalubo maɓalli, kafin in same shi an harbe ni. An ce akwai na'urar da ke bin motsin kan mutum, in ka juya kai hoton allo ya juya. Ƙanina zai dawo daga Turai. Ki bincika, ki zaɓa mini wadda zai taho da ita."

Na ce, "Yallaɓai, ai wannan ƙaramin abu ne." Wallahi ko sunanta ban taɓa ji ba.

Kwana uku na yi ina fama da intanet ɗin wancan zamani, wanda sai ka je ka sha ruwa ka dawo shafi bai gama buɗewa ba. Na gano iri biyu ne. Ɗaya ƙananan ƙwayayen fitila ne guda uku da ake maƙalawa a gefen kunne, waya na lilo har ƙirji. Ɗayan kuwa ɗigo uku ne masu ƙyalli da ake ɗorawa a hula, sai ƙaramar kyamara a saman allo ta riƙa fitar da wani haske da ido ba ya gani, ɗigon suna maido mata da shi, ta haka take gane inda kai ya juya.

Hasken da ido ba ya gani! Nan take zuciyata ta tafi, na ce wannan zan zaɓa. Taurari uku a goshi, suna amsa kiran da ba wanda ya ji. Na buga bayanin a takarda, shafi huɗu, na karanta ɗaya da rabi, sauran lokacin na ɓata shi wajen rubuta baitoci a bayan littafin rajistar wasiƙu.

Malam Sani, mai gyaran wutar masana'antar, ya leƙa takardun ya ce, "Malama, da mai ƙwan fitilar kika ɗauka. Shi da kansa yake ba da haske, ba ya jiran a ara masa. In ma an ba ni dama, da tsohon rimot zan haɗa wa Injiniya irinsa."

Na dube shi, mutumin da ya girme wa yayana, na ce, "Malam Sani, wannan fasahar zamani ce, ba aikin faci ba." (Duk lokacin da na tuna wannan maganar sai in ji kamar in shige ƙarƙashin gado.)

Ranar da kayan suka iso, Injiniya ya ce bayan an gwada za mu yi maganar takardar riƙe ni aiki. Don haka na ci ado. Na ɗauko shuɗin mayafin da na saka a bikin yayata, wanda aka yi wa ruwan duwatsu tun daga goshi har gwiwa. Ina sauka daga a-daidaita-sahu na ci karo da Anti Rifkatu mai kula da sito, 'yar Kafanchan, wadda ba ta raga wa kowa.

"Ke Kofa! Biki ake a kamfani ba a gaya mini ba? Matsa can, kina kashe mini ido."

Ofishin ya cika. Ga Injiniya, ga ƙaninsa wani Alhaji mai fara'a da ya ɗauko kayan tun daga Turai, ga Malam Sani yana jona wayoyi, ga Anti Rifkatu a bakin ƙofa ta zo kallo. Injiniya ya ce, "Wadda ta zaɓa ita za ta fara." Aka miƙo mini hular hana-sallah mai ɗigo uku, na kifa ta a kan mayafi, na zauna, na riƙe sandar tuƙi kamar muciya.

Jirgi na tashi, allo ya haukace. Sama, ƙasa, fiffike, sama, kujerar matuƙi, ƙasa. Na ƙame kamar gunki, ko numfashi ba na yi, amma hoton sai juyi yake. Jiri ya fara ɗibata. Da mai hankali ce da ta yi shiru. Ni kuwa sai na miƙe tsaye, na gyara murya, na ce, "Yallaɓai, jabu aka kawo mana. An cuci wanda ya sayo, bai san abin da yake yi ba."

Fara'ar Alhaji ta ɗauke.

Malam Sani ya matso kusa da kwamfutar. Ya danna wani wuri, ya buɗe ɗan akwatin da ke nuna abin da kyamarar take gani. Kamata ya yi a ga ɗigo uku. Abin da muka gani sararin samaniya ne guda, taurari fal ba sa ƙirguwa, kuma sun zana siffar kaina da kafaɗuna tsaf. Na ɗaga hannu, taurarin suka ɗaga hannu.

Injiniya ya jawo takardun da ni da kaina na buga masa, ya gyara tabarau, ya buɗe shafi na uku, ya fassara wa jama'a a hankali: wai kada mai amfani da na'urar ya sa tufafi ko ado mai ƙyalli.

Anti Rifkatu ta yi dariya har ta dafa bango. Sannan ta tuɓe rigar aikinta ta kaki, mai warin roba da man inji, ta lulluɓa mini tun daga ka, ta mayar da hular a sama. "Zauna, ƙanwata, ki ƙarasa abin da kika fara."

Abin haushi, sai na'urar ta yi aiki sumul. Na juya dama, na ga fiffike. Na ɗaga kai, na ga gajimare, har na fara tunanin wani baiti. Sai Injiniya ya daka tsawa: "Kofa, ga jirgin abokin gaba nan a bayanki! Waiwaya!"

To ni a gidanmu, in babba ya yi maka magana, sunkuyar da kai ake yi. Jikina bai jira shawarata ba. Na sunkuya na ce, "To, Yallaɓai." Allo ya nuna takalman matuƙi.

"Ɗaga kanki!"

"To, Yallaɓai." Na ƙara sunkuyawa. Muna kallon takalman nan har jirgin ya kama da wuta.

Washegari na shiga ofishin Injiniya da mayafi baƙi wuluk, ko zare ɗaya mai ƙyalli babu. Na riga na ba Malam Sani haƙuri, na roƙi a kai wa Alhaji nawa. Na ce, "Yallaɓai, gaskiya ni ban san kwamfuta ba. Bugun wasiƙa kawai na iya."

Yana sanye da hular, yana ta leƙen bayan jirginsa cikin nishaɗi, ko kallona bai yi ba. "Na sani tun ranar da kika ce firinta ta mutu, ashe ba a jona ta ba. Amma tun da nake a nan ba a taɓa rubuta mini wasiƙa mai daɗin taki ba." Ya turo mini ambulan mai takardar ɗaukata aiki da hannun hagu. "Wasiƙa ce aikinki. Duk abin da ke da waya na Malam Sani ne."

Shekara huɗu na yi a wurin, kuma ba wanda ya ƙara kirana Kofa. Daga mai gadi har direbobin tirela, Tauraruwa suke ce mini, ni kuma ina amsawa ina cizon leɓe. Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: in takarda shafi huɗu ce, a karanta huɗun kafin a fara waƙa.