Garin Burodi a Garar Ƙanwata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai garar ƙanwata Gwandu ba, ko da yake na sha roƙon Allah ya mantar da ni.

Ni 'yar kasuwa ce a Kalgo. Nakan je Kwatano in saro atamfa da kayan girki, in shigo da su ta Kamba. A wata tafiya, matar da nake sauka a gidanta ta soya mana kaza mai jan ɓawo, ana taunawa garas-garas. Na tambaye ta sirrin, sai ta ɗauko wata leda mai hoton cinyar kaza da rubutun Faransanci. Ta ce garin burodi ne, daga Turai ake kawo shi. A tsoma nama a ruwan ƙwai, a juya shi a cikin garin, a jefa a mai. Nan take na hango kaina a matsayin wadda ta fara kawo shi garinmu. (Ina da wannan ciwon: in na ga sabon abu, sai in ji kamar ni ya daɗe yana jira.) Na saro kwalaye iya ƙarfina.

Kaya suka iso shago, suka sami wuri suka zauna. Mace za ta ɗauki leda ta jujjuya, ta tambaya ko garin kwaki ne, in yi bayani har maƙogwarona ya bushe, ta ajiye ta sayi gishiri ta tafi. Ranar lalacewar da aka buga a jikin ledar kuwa sai matsowa take.

Ana cikin haka bikin autarmu Hadiza ya zo. Innarmu ta rasu tun kafin a sa rana, don haka haɗa gara ya faɗo kaina. Inna kuwa da alkaki aka san ta. Ba a cika yin gara a unguwarmu ba tare da hannunta ya shiga ba. Gwaggo Hajo, ƙanwar babanmu, ta ja mini kunne cewa in yi komai yadda Inna take yi, don da gara dangin miji suke auna gidan da yarinya ta fito.

Ni kuwa wani abu daban na hango. Gara ai buɗe ta ake yi a gaban mata, sannan a raba gida-gida. Na ce ga talla ta zo har ƙofa, ledata za ta shiga kowane lungu na Gwandu. Sai na rage alkaki da nakiya, na cike gurbin da kwalayen garin burodi. Har na shawo kan zuciyata cewa Hadiza nake ɗaukakawa da kayan Turai. Da Gwaggo ta ga ana loda su a mota ta tambaya, na ce, "Kayan waje na, Gwaggo, kunya za mu fita." Ta dube ni, ta wuce.

A gidan ango an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, mata sun cika. Mai buɗe kayan wata dattijuwa ce, Hajiya Kulu, gwaggon ango. Ta duba shinkafa da mai da taliya, tana cewa madalla. Da ta zo kan alkaki ta leƙa robar ta ɗan jima, ta mayar da murfi. Sannan ta jawo kwali ɗaya, ta yage leda, ta sansana, ta dangwala ta kai baki.

"Ɗiyata, wanga mine ne?"

Na miƙe tsaye. (Babu wanda ya ce in miƙe.) Na karɓi ledar na ɗaga ta sama, na shiga zuba bayanin nan na shago, har da ruwan ƙwai da kwatancen juya nama. Na rufe da cewa burodi ne ake busarwa a niƙa.

Ta ce, "Burodin da ya kwana?"

Na ce, "Ai wanda ya bushe shi ya fi kyau, Hajiya."

Sai a lokacin kunnena ya ji abin da bakina ya faɗa. Hajiya Kulu ta goge yatsanta a gefen zane, ba ta ko ɗaga murya ba.

"To. Mu nan burodin da ya kwana kaji muka zuba ma. Ba mu san ana kai shi gidan surukai ba." Ta sake duban robar alkakin. "Na ci alkakin uwarku a gidaje da dama. Allah shi jiƙanta."

Mata suka amsa da amin, ni ina tsaye da leda a sama. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Wata kunya ta rufe ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma a ranar na ji mutuwar Inna fiye da ranar da aka fita da ita.

Na lallaɓa ɗakin amarya. Hadiza tana zaune bakin gado, kuma labule ne kawai tsakaninta da tsakar gida. Na fara kame-kamen cewa niyyata mai kyau ce. Ta ɗago ta dube ni, idonta ya yi ja.

"Yaya, ke Kalgo za ki koma. Ni nan zan zamna."

Na juya na fito.

Da muka koma gida, na rufe shago na durƙusa gaban Gwaggo ta koya mini alkakin da na raina koya a hannun Inna. Na ƙone a hannu, na ɓata alkama ba kaɗan ba, kafin mu cika robobi mu sake komawa Gwandu. An karɓa da mutunci, an sa albarka. Amma suna ya riga ya bi Hadiza. Yanzu tana da 'ya'ya, tana zaune lafiya, duk da haka in matan gidan za su tsokane ta, Amaryar Burbushi suke ce mata. Takan yi dariya. Ni ce ba na iya yi.

Kwalayen kuwa an dawo mini da su cif, sai leda ɗaya da aka yage. Na bi shawarar Hajiya Kulu na zuba wa kajina, kuma su kaɗai ne a duk Kalgo suka fahimci kasuwancina.

Har gobe ina zuwa Kwatano, sabon abu kuma bai daina fizgata ba. Sai dai kafin in saro, nakan tsaya in faɗi sunansa da Hausa, kamar ina gaban Hajiya Kulu, in ji yadda zai fito. In kuma zan gwada kasuwa, da sunana nake gwadawa, ba da sunan wadda za a bari a gidan ba.